Alhaji, Ajiye Tiyar Nan Tukuna

Ga lamba, ku karɓe ta da hannu biyu: 18,446,744,073,709,551,615.

Na san abin da za ku ce, mutanen Dakoro, tun kafin idonku ya kai ƙarshenta. Alhaji mai awon hatsi zai ce ɗan lakkwal ya rasa abin yi. Malam na zaure zai ce in dai ba ta shiga hatimi, to zane ne kawai. Ardo da ya gangaro daga wajen Bermo zai yi murmushi ya gyara malfa, don shi ko shanunsa ba ya son a ƙirga a gabansa, balle abin da ba shi da ƙaho. Hajiya mai riƙe da akwatin mata kuwa tambaya ɗaya gare ta: sefa ce ko naira? Daga nan sai ku haɗa baki a kan makamin da kuke kashe kowace magana da shi tun daga Kornaka har Sakabal: wa ya ƙirga?

Ba wanda ya ƙirga, kuma ba wanda zai ƙirga. Da mutum zai zauna yana ɗaukar ƙwaya ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci, ba salla, ba shan fura, zai shafe shekara biliyan 584 da ɗoriya. Da za a tara 'yan Nijar miliyan 25, har da jarirai da majinyata, a raba musu aikin, sai sun wuce shekara dubu 23 suna ƙirge. Amma duk da haka, Alhaji, na san halin lambar nan fiye da yadda kuka san adadin ƙwayoyin da ke cikin tiyar da kuke awo da ita kullum. Ku ajiye ta tukuna, masu saye ba za su gudu ba.

Asalinta daga dara take. Ba darar da kuke yi a gindin bedi mai gurbi talatin ba, darar sarakunan Indiya da Farisa, shaɗaranji, mai gida takwas a tsaye, takwas a kwance, gida 64 ke nan. Fadar Borno ma ta yi irinta da daɗewa, Ardo, sai dai na san ba za ku yarda Babarbare ya iya wasan da ke buƙatar tunani ba. Labarin da aka fi sani ya zo ne a littafin tarihin manyan mutane na Ibn Khallikan, alƙalin alƙalan Dimashƙa, wanda ya fara rubutawa a 1256. Wai wani mai hikima, Sissa ɗan Dahir, ya ƙirƙiro wasan ya kai wa sarkin Indiya. Sarki ya ji daɗi ya ce ya faɗi tukwicinsa. Sai ya roƙi ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ninkawa har gida na 64. Sarki ya ji haushi, a ganinsa an raina masa arziki. Sai da ma'aji suka zauna da alƙalami suka dawo jiki a sanyaye.

Kada ku ɗauka ku ne farkon masu gardama. Shi kansa Ibn Khallikan bai yarda ba da farko, har sai da wani akawu ɗan Iskandariya ya zaunar da shi. Akawun ya san ba a shawo kan mai gardama da dogon adadi, sai da ma'auni. A gida na 16 akwai ƙwaya 32,768, ya ce a ɗauke ta a matsayin mudu guda. Ya yi ta ninka mudu har ya kai rumbu a gida na 40. A gida na 50 rumbuna sun kai 1,024, ya ce a kira wannan birni. A gida na ƙarshe sai ga birane 16,384, kowane shaƙe da hatsi. Alƙali ya sallama. Kafin su ma, wajen shekara ta 1000, al-Biruni ya riga ya fitar da lambar cif, alƙaluma ashirin, babu kwamfuta, babu wutar lantarki.

To bari mu yi irin na akawun, amma da gero, tunda alkama ba abincinmu ba ce. Masu binciken iri, irin waɗanda ke tashar INRAN ta Tarna kusa da Maraɗi, suna auna hatsi ƙwaya dubu-dubu. Nauyin yana bambanta da iri da kuma yadda damina ta yi, amma mu ɗauka ƙwayar gero dubu ta yi giram 8. Tiya kuma kilo biyu da rabi. Ke nan tiya ɗaya tana ɗauke da ƙwaya dubu ɗari uku da 'yan kai. Na ga Alhaji ya buɗe baki. E, na sani, tiyar saye daban, tiyar sayarwa daban, amma yau ta gaskiya muke nufi.

Layin farko na allon gaba ɗaya, gida takwas, ƙwaya 255 ne. Ko kaza ba za ta gode ba. A gida na 19 ne muke kusantar tiya guda, da ƙwaya 262,144. A gida na 25 mun wuce buhu mai kilo ɗari. Da a ce Sissa Bagobiri ne, ya yi roƙonsa a kan darar gurbi talatin, duk abin da za a biya shi bai wuce buhu 86 ba. Wani attajirin Maraɗi zai biya wannan ko gezau, ya kuma sa maroƙa su yayata. Ko rabin allon shaɗaranji, gida 32, jimillarsa ƙwaya 4,294,967,295 ce, kimanin tan 34. Tirela guda ta ɗauke, ta bi hanyar Maraɗi, ta kwana a Jibiya.

A nan ne sarki ya gyara zama yana dariya, a nan ne kuma ku ma kuke dariya. Sai dai gida na 33 shi kaɗai tirela ne. Na 34 tirela biyu. Na 43 tirela dubu da ashirin da huɗu. A shekarar da damina ta yi kyau Nijar tana noma gero tan miliyan uku zuwa huɗu, kuma gida na 50 kaɗai ya haura wannan. Saura gida goma sha huɗu, kowane yana ninka na bayansa. In aka tara duka, abin ya kai wajen tan biliyan 148, noman Nijar kaf na sama da shekara dubu arba'in, ba fari, ba fara, ba tsuntsu, ba wanda ya ɗebi ko zangarniya ɗaya ya yi tumu.

Ku da kuke cewa wannan tatsuniya ce, ai kun san ninki a aikace, sunansa ne kawai ba ku so a faɗa. Wanda rumbunsa ya ƙare a tsakiyar damina, ya ci bashin tiya ɗaya a kan zai biya biyu da kaka, in ya kasa biya aka yi ta juya masa bashin haka, a shekara goma tiya 1,024 ake bin sa, buhu 25 da wani abu. Sissa dai sarki ya yi wa, da yardar sarki. Ban ambaci sunan kowa ba, Alhaji, ku daina kallona haka.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Girman abu ba shi ne abin mamaki ba, kowane yaro zai iya cika allo da sifiri. Abin mamaki shi ne a yi wa wannan tsibi tambayoyi ya amsa, ba tare da an taɓa ƙwaya ɗaya ba.

Malam, ku share ƙasa a gabanku, ku tona gurbi huɗu. Ku sa tsakuwa ɗaya, biyu, huɗu, takwas. Nawa ke nan? Sha biyar. Gurbi na gaba zai ɗauki sha shida. Ku cire gurbi na huɗu: saura bakwai, na gaba takwas. Kullum jimilla tana gaza gurbi na gaba da tsakuwa ɗaya tak. Ga dalili: ku ara mini tsakuwa guda in ƙara a gurbin farko. Ya zama biyu. Ku juye su cikin gurbi na biyu, ya zama huɗu. Ku juye cikin na uku, takwas. Cikin na huɗu, sha shida. Tsakuwar aro ɗaya ta tattara komai ta mai da shi gurbi na gaba. Ku mayar mini da tsakuwata, saura sha biyar. Haka abin yake ko gurbi nawa ne. Shi ya sa ba sai an tara gida 64 ɗaya bayan ɗaya ba: a ninka biyu sau 64, a cire ɗaya, an gama. Wannan kuma yana nufin gidan ƙarshe shi kaɗai ya fi sauran 63 duka, da ƙwaya ɗaya, ba biyu ba.

Cika ce ko mara? Mara ce. Kowane gida cika ne in ban da na farko mai ƙwaya ɗaya. Saboda haka mai mata biyu da ya gaji tsibin nan ya shiga uku: ko ya kwana yana rabo, ƙwaya ɗaya za ta rage, kuma a kanta za a yi shari'a. Mai huɗu uku za su rage masa, wanda ya fi muni, don mace ɗaya ce za ta rasa. Mai uku shi ne ya dace. Ku haɗa gidajen bibbiyu: ɗaya da biyu uku, huɗu da takwas sha biyu, wato uku sau huɗu, sha shida da talatin da biyu arba'in da takwas, uku sau sha shida. Gida 64 yana ba da tagwaye 32, kowanne yana rabuwa uku. Kowace mace za ta tashi da 6,148,914,691,236,517,205, ba ragi ba ƙari, duk da na san sai an sami wadda ta ce nata ya fi dusa.

Malam, ga naku. In gado ne, sulusi yana fita lafiya, amma tumunin matar mamaci ba ya fita, ƙwaya bakwai ke ragewa. In zakka ce ta noman damina, ɗaya bisa goma, sai an fasa ƙwaya guda biyu, don ushirin yana ƙarewa da rabi. Wannan fatawar na bar muku.

Hajiya, ban manta da ku ba. Lambar tana ƙarewa da 5, ke nan da kuɗi ce da ta shiga dala ba tare da canji ba: dala 3,689,348,814,741,910,323. Bari ma in ce wani abu a kan dala. Ku da kuke cewa ba ku yi lakkwal ba, kullum kuna ganin 1,000 a jikin takarda kuna cewa jika, kuna ganin 350 kuna cewa dala saba'in, kuna raba kowane farashi da biyar a ka kafin mai kanti ya lalubo na'urarsa. Matan da suka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 da yawansu ba su iya rubutu ba, amma ranar fasa akwati ba a cin kowa ko dala. Ƙirgen biyar-biyar ɗin ma tsoho ne. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya zauna a Tasawa ya ga ana ƙirga wuri 500,000 da hannu, biyar-biyar, tsibi-tsibi, mutum biyar ko shida a kan aikin, abin har ya ba shi mamaki. Jikokin waɗannan ne yau suke ce mini lissafi aikin Nasara ne.

Dabarar haɗa gidaje ba ta tsaya a bibbiyu ba. A haɗa su hurhuɗu, kowane rukuni sha biyar ne sau wani abu, shi ya sa uku da biyar suke shiga. A haɗa takwas-takwas, layi-layi, 255 ne, wato 15 sau 17. A haɗa sha shida-sha shida, 65,535 ne, wato 255 sau 257. A raba allon biyu, 4,294,967,295 ne, wato 65,535 sau 65,537. Allon gaba ɗaya kuma shi ne wannan rabin sau 4,294,967,297. To ga dangin lambarmu sun jeru: 3, 5, 17, 257, 65,537 da 4,294,967,297. In aka ninka su da juna, ita ce ke fitowa cif.

Biyar na farko duk gagara-rabo ne, irin lambobin da ba abin da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu. Ku ba mutum goro 17 ku ce ya raba wa jama'a daidai wa daida: ko dai mutum ɗaya ya kwashe, ko a nemo mutum 17. Wani lauya Bafaranshe, Pierre de Fermat, ya dubi wannan jeri a 1640 ya ce ai duk zuriyar haka take, har da ta shida da duk masu zuwa bayanta. Mutum ne mai kaifin kai ƙwarai, maganarsa ta zauna shekara casa'in da biyu ba wanda ya iya tanka masa. A 1732 wani saurayi ɗan Suwizalan da ke aiki a Rasha, Leonhard Euler, ya nuna cewa 4,294,967,297 ba komai ba ce illa 641 sau 6,700,417. Wannan kam wayarku za ta iya. Ku fiddo ta ku buga, gani ya kori ji. Kun ga amfanin gardama ke nan in an yi ta da alƙalami. Irin taku ta gindin bishiya, wadda ake rufewa da "to, Allah dai ya sani", da ita Euler ya yi, da har yau maganar Fermat ke tsaye.

Malam ya ce duk sunayen da nake kira na Turawa ne da Larabawa. To ga na gida. A daidai wannan tsakanin da Euler yake fasa lambar Fermat, wani Bakatsine, Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, yana ƙasar Larabawa yana rubuta littafi a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, ta yadda kowane layi, a tsaye, a kwance da a karkace, zai ba da jimilla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Hatimin da kuke zanawa mai gida tara, wanda kowane layinsa sha biyar ne, ƙofar wannan ilimi ce. Abin da ake yi da shi bayan an wanke allo, wannan tsakaninku ne da mai karɓa. Amma tsarin gidajen lissafi ne tsantsa, kuma Bakatsine ya koyar da shi a Masar.

Ke nan gagara-rabo bakwai ne suka haifi lambarmu: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417. Ba wanda ya zo sau biyu, shi ya sa tara ba ta shiga, ashirin da biyar ma ba ta shiga. Kowanne cikin bakwai ɗin ko a ɗauke shi ko a bar shi, hanya biyu sau bakwai, ke nan lambobi 128 ne kacal suke raba ta daidai, har da ɗaya da ita kanta. Duk girman nan nata, masu shiga gidanta 128. Lambar 83,160, wadda ko kuɗin rago mai kyau ba ta kai ba a sefa, ita ma masu raba ta 128 ne.

Masana na da, tun daga Girkawa har malaman Bagadaza irin su Sabit ɗan Ƙurra, sun kasa lambobi gida uku bisa ga abin da 'ya'yansu ke tarawa. A ɗauki masu raba lamba, ban da ita kanta, a haɗa su. In sun ba da ita daidai, cikakkiya ce: 6 tana da 1, 2, 3, jimilla 6. Haka 28, haka 496, haka 8,128. In sun wuce ta, mai rara ce: 12 tana da 1, 2, 3, 4, 6, jimilla 16. In sun gaza, mai giɓi ce. Ina kuke zaton gwanar tamu ta faɗa? Mai giɓi. 'Ya'yanta 127 in sun haɗu, kashi 70 cikin ɗari nata kawai suke kawowa. Sha biyu, wadda yaro ke ƙirgawa da yatsun hannu da na ƙafa biyu, ta fi ta wadatar gida. Alhaji, ba da ku nake ba.

Da sarki yana da wayo, da ya tsai da awo a gida na 61, don ya bar magada Sissa cikin rigima. Jimillar gida 61, wato 2,305,843,009,213,693,951, gagara-rabo ce, wani limamin coci ɗan Rasha, Pervushin, ya tabbatar da haka a 1883. Dabararmu ta haɗa gidaje ba ta aiki a nan, don 61 ba ta kasuwa layi-layi daidai. Kada dai wani ya yi saurin kafa doka irin ta Fermat: 11 ma ba ta kasuwa, amma jimillar gida 11, wato 2,047, ita ce 23 sau 89. Wannan zuriya ta "ninka biyu, cire ɗaya" ana kiran ta da sunan Mersenne, wani malamin coci abokin wasiƙar Fermat, kuma a cikinta ake farautar manyan gagara-rabo. A 1903 Frank Nelson Cole ya tashi a taron masana lissafi a Niyok, ya hau allo bai ce uffan ba, ya fitar da jimillar gida 67 a gefe guda, ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287 a ɗaya gefen, amsa ta zo ɗaya, ya koma ya zauna. An ce Lahadin shekara uku ya kashe yana neman su. Ina fata wata rana in ga ɗan Dakoro ya ci gardama bai buɗe baki ba. A watan Oktoba na 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano wadda ta kere duk waɗanda aka sani kafin ita: allo mai gida 136,279,841, jimilla mai alƙaluma 41,024,320.

Na ji Ardo yana cewa to, ko da gaskiya ne, wa wannan ya taɓa shayar wa saniya? Ardo, ku laluba aljihun rigarku. Wayar da kuke kiran yaro da ita ku tambayi ko an sami ruwa a kwarin Tarka ba ta san ɗaya zuwa tara ba, abu biyu kawai ta sani, a kunne ko a kashe. Ƙwaƙwalwar yawancin wayoyin zamani masu shafawa tana aiki ne da jerin gurbi 64, na farko darajarsa ɗaya, na biyu biyu, na uku huɗu, allon Sissa sak. In aka kunna dukansu, abin da ke ciki shi ne lambarmu, kuma ita ce iyakar abin da jerin zai iya riƙewa. A ƙara ɗaya, sai abin tsakuwar aro ya faru: kowane gurbi ya juye cikin na gaba, na ƙarshe ya rasa inda zai juye, komai ya koma sifiri. Tsofaffin na'urori masu gurbi 32 sun sha wannan wahala. A ƙarshen 2014 sai da YouTube ta faɗaɗa ma'aunin ƙirga masu kallo zuwa gurbi 64, saboda bidiyon wani mawaƙin Koriya ya doshi 2,147,483,647, jimillar gida 31, wadda ita ma gagara-rabo ce da Euler ya tabbatar.

Saƙon murya kuma da kuke aika wa juna ta WhatsApp, wanda Hajiya ba ta so kishiya ta ji, Alhaji ba ya so abokin ciniki ya ji, makullinsa a kan gagara-rabo aka ƙera shi: a ninka biyu sau 255, a cire 19. Lamba ce mai alƙaluma 77. Ba ku taɓa ganin ta ba, ba ku taɓa yarda da ita ba, amma kowace safiya kuna ba ta amanar asirinku, har da wanda ko Malam ba ku gaya wa ba.

In kuwa kuna zaton masana sun gama komai sun bar muku gardama kawai, ga abin da ya gagare su. Tun bayan 65,537 ba a sake samun ko ɗaya cikin zuriyar Fermat da ta zama gagara-rabo ba. An bincika daga wadda Euler ya fasa har zuwa ta 33 a jerin, duk sun fashe. Ta 34 ce aka tsaya a kanta, ba wanda ya iya cewa tana rabuwa ko ba ta rabuwa. Alƙalumanta sun haura biliyan biyu da rabi. In shafin kaye yana ɗaukar alƙaluma 2,000, ana buƙatar shafi wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari uku kafin a rubuta ta kawai, ba a fara rabawa ba. Mushe, ku sanar da 'yan ajinku na sakandaren Dakoro cewa fili a buɗe yake. Kuɗin kaye da biro kuwa Alhaji zai biya, tunda shi ya ce 'yan lakkwal ba su da aikin yi.